Alwalar da Baba Ya Yi a Jikin Ƙanƙara

Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Bakin wuƙa ne a jikin dunƙulen ƙanƙara. Ina amarya a lokacin, azumina na farko a gidan mijina a unguwar Zariya ta garin Maraɗi, na durƙusa a bakin madafa ina ƙoƙarin farfasa ƙanƙarar da za a zuba a fura kafin a kira magariba. Ina sara tana zamewa, ina sara tana tsalle cikin roba. Sai na ji murya daga bayan asabarin ɗakin da ke kusa da zaure:

"A hwaɗa ma mai wuƙar nan ta bar duka da ƙarhi. Ƙanƙara ba icce ba ce. A nemi inda ta yi fari, a ɗora tsinin wuƙa, a buga sau guda."

Baban maigidana ne. Babu kowa a tsakar gida sai ni, amma bai ce "ke" ba, don suruki ba ya hira da matar ɗansa kai tsaye, ni ma ba na iya ɗaga ido in dube shi. Na yi yadda ya ce, ƙanƙarar ta rabe biyu kamar an yanka sabulu. Ya yi ƴar dariya, ya ce wa asabarin, "Na taɓa hawan irinta a tsaye, wadda ta hi hasumiyar masallacin Juma'a tsawo." Na sunkuyar da kai, na ɗauka raha ce irin ta manya.

Baba ya rasu a bazarar nan, da hantsi, bayan ƴar gajeruwar jinya. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Gidan ya cika tun kafin a fita da shi. Mutanen Tibiri, garin haihuwarsa, sun zo mota guda. Tsofaffin abokan aikinsa na ma'aikatar ruwa sun zauna gefe ɗaya a rumfa, suna ta'aziyya da Hausa suna share hawaye da Faransanci. Ƴan kabu-kabu sun jera baburansu har bakin kwalta, samarin da ban taɓa sanin ya san su ba. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya a ƙofar gida yana gaya wa maigidana, "Duk lokacin ɗari, in mun fito da asuba, butocin ruwan ɗumi muke tararwa a ƙofar nan. Shi da kansa yake hura wuta. Yanzu wa zai yi muna?" Gwaggo, ƙanwarsa, ba ta yi kuka da ƙarfi ba. Ta zauna a tabarma ta rungume hularsa tana ta shafawa.

A ɓangarenmu na mata kuwa, bayan an yi addu'a an ɗan natsu, sai wata maƙwabciya ta ce, "Allah ya jiƙan tsoho, shi da tatsuniyar ƙanƙararsa." Aka yi murmushi, irin wanda ake yi wa mamacin da ake so. Wata ta karɓa, "Ai tun da injin nan ya cinye mishi yatsun ƙafa yana saurayi, sai ya samo labarin da ya fi daɗin ji." Ba da mugun nufi suka faɗa ba. Amma ni sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a baya, don na san babu wani inji. Na ga za a binne shi, a bar ƙaryar a raye, jikokinsa su tashi suna cewa kakansu mutumin kirki ne, sai dai yana da ɗan ƙarin gishiri. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan ke nan.

Labarin bai zo mini a zama ɗaya ba. Guntu-guntu na tsince shi cikin shekaru, ina tsintar shinkafa ko ina guga a tsakar gida, shi yana bayan asabari yana magana kamar da kansa yake. Ƴaƴansa in ya fara sai su kalli juna su sulale. Ni ba ni da damar sulalewa, kuma daga baya ba na so.

Yana saurayi gwamnati ta tura shi Faransa ya koyo aikin famfo da rijiyoyi, a wani gari da duwatsu suka kewaye. A ajinsu akwai wani Banasare ɗan ƙauyen duwatsun, wanda Baba bai taɓa kiransa da komai ba sai "abokin igiyata". Shi ya koya masa hawan dutse a ranakun hutu, har ƙafarsa ta saba. Da sanyi ya kai tsakiya, sai abokin ya ce masa akwai wani kwari can nesa inda ruwa ke zubowa daga saman dutse, a lokacin nan yakan daskare ya tsaya cak kamar bango, kuma yana son su je su hau shi.

"Ni ɗan Tibiri," in ji Baba, "wanda bai taɓa ganin ƙanƙarar da ta hi ƙwaryar hura girma ba. Ai sai na ce mu tahi."

Mota ta ajiye su a ƙauyen ƙarshe. Daga nan suka shiga da ƙafa, kaya a baya, dusar ƙanƙara har gwiwa, wuni guda babu gida, babu hayaƙi, babu ko sawun akuya. Suka kwana a wata bukkar makiyaya da aka bari, da sassafe suka isa gindin abin. Ya ce shuɗi ne, shuɗin da bai taɓa gani a zane ko a sama ba, kuma in ka kara kunne kana jin ruwa yana gudu a cikinsa kamar mai rai. Kowa yana da gatari biyu masu baki kamar na shaho, takalma kuma an ɗaura musu haƙoran ƙarfe. Ka kafa gatari, ka saurari ƙarar. In ta yi nauyi ka yarda da wurin, in ta yi ƙararrawa kamar faranti ka nemi wani. Sannan ka harba ƙafa haƙoran su shiga, ka ɗaga jiki. Abokin yana gaba yana murɗa dogayen ƙusoshi cikin ƙanƙara yana ratsa igiya, Baba yana ƙasa yana sakar masa ita kaɗan-kaɗan. In na sama ya sami wurin tsayawa, sai ya kira na ƙasa ya biyo.

Har ya tsufa igiya ba ta bar hannunsa ba. Igiyar shanyarmu, ta ragon layya, ta gugan rijiyar gidan Tibiri, duk da ƙulli iri ɗaya yake ɗaure su, wanda babu mai iya kwancewa sai shi. In ya ga an ɗaure abu da ganganci yakan ce, "Wanga ƙulli bai san akwai rai a ɗaya bakin ba."

Sun yi nisa ƙwarai, ƙasa ta koma kamar zanen tabarma, sai suka kai wani ɗan tudu mai faɗin tabarmar salla. Abokin ya yi gaba, ya ɓace a bayan wani kumburin ƙanƙara, ya sami wuri ya kira shi. Baba ya ɗaga kai ya ga rana ta karkata. Azahar tana shirin fita, ga shi ba shi da alwala. Ya ɗaga murya ya ce a jira shi. Ya sa gatari ya fasa wani wuri mai laushi, ruwa ya ɓulɓulo. Ya cire safar hannu. Ya kwance takalman nan masu haƙora, ya cire safa, ya yi alwala cikakkiya yadda mahaifinsa ya koya masa a gindin randa, har da tsefe tsakanin yatsun ƙafa. Ya yi sallarsa a tsaye, igiya a ƙugu. Sannan ya mayar da ƙafafun cikin safa da danshinsu.

"Da hwari kamar an sa su a wuta," in ji shi. "Can sai suka yi shiru. Na ce alhamdu lillahi, na samu sauƙi. Ashe mutuwa ce suka fara."

Sauran labarin bai ba ni shi ba sai shekarar da na binne ɗana na biyu, yana da ƴan watanni. Na kwanta a ɗaki na kasa tashi, na kasa ci, salla ma sai da ƙyar. Wata la'asar na ji an ja kujera zuwa jikin tagata ta waje. Baba ne. Bai yi sallama ba, bai ambaci yaron ba. Ya ci gaba daga inda ya tsaya kamar jiya muka rabu.

Ya ce da ya ci gaba da hawa, sai ya zama yana harba ƙafa ba ya jin ko haƙoran sun shiga. Ya ɗora nauyinsa a kan abin da babu. Gatari ya suɓuce, ya tafi. "Ban san tsawon da na hwaɗi ba. Sai na ji an cafke ni a ƙugu, ina lilo a sarari, kaina ƙasa. Hannuwana babu komi a ciki. Ban riƙe komi ba, ni aka riƙe." Sannan ya ce, "A hwaɗa ma mai ɗakin nan, ba sai ta riƙe komi ba yanzu. Ta bari a riƙe ta." Ya ja kujerarsa ya tafi. A ranar na nemi a ba ni kunu.

Abokin ne ya sassauto da shi zuwa tudun, ya biyo, ya buɗe takalmin ya ga yatsun sun yi fari kamar kyandir. Da Baba ya gaya masa abin da ya yi, sai Banasaren ya buɗe rigunansa a cikin wannan sanyi, ya cusa ƙafafun Baba a jikin fatar cikinsa ya rungume, yana zaginsa da duk zagin da ke cikin Faransanci, yana kuka. Ba su kai sama ba. Da igiya suka yi ta saukowa, sannan abokin ya ja shi, ya goya shi, har ƙauye. A asibiti aka yanke yatsun ƙafar hagu, babban kaɗai ya tsira. Sun yi ta aika wa juna gaisuwa wasu shekaru, daga baya shiru. Har ya rasu, in an yi maganar Nasara a gabansa da muni, yakan ce, "Ni dai na san ɗumin cikin ɗaya daga cikinsu."

Maganar inji kuwa, Gwaggo ce ta warware mini ita wata rana muna tankaɗe. Da ya dawo yana dogara sanda, wansa ne ya tarye shi a tasha, wanda muke kira Baba Babba, malami ne kuma manomin lambu a Jiratawa. Ya ji labarin tun a hanya, ya ce ba za a kai wa mahaifinsu wannan ba. Tsohon da ƙyar ya yarda aka sa yaron lakwal, wato makarantar boko, yanzu a ce masa ya je ƙasar Nasara ya zubar da yatsunsa wurin wasa? Za a ce injin aiki ne. Baba ƙane ne, ya bi maganar wansa. Mahaifinsu ya rasu da wannan sanin. Da Baba ya fara faɗin gaskiya bayan shekaru, ƙaryar ta riga ta yi jijiya, kuma ta fi kama da abin da ke faruwa ga mutane. Wa zai yarda da ruwa a tsaye?

Sau ɗaya na ji Baba da wansa sun yi ta a fili, ranar sunan ɗiyata ta fari. Ina ɗaki, su suna rumfar tsakar gida bayan baƙi sun ragu. Wani ya kawo ruwa da ƙanƙara, Baba ya fara, sai wansa ya katse shi.

"Kai dai ba ka gajiya. To hwaɗa mini, mi kaj je ɗaukowa can sama? Zinari na akwai? Haja na akwai?"

"Babu komi, Yaya."

"To?"

"So na yi in gani."

"Ka gani! Mutanen Maraɗi na tahiya har bakin teku su dawo da kaya, kai ka tahi ka baro yatsu. Kuma wa ya ce maka Allah na son ka kashe ƙahwarka? Akwai taimama."

"Da wace ƙasa, Yaya? Ko dutsen, ƙanƙara ta ruhe shi."

"A kan ƙanƙarar kanta ya halatta! Da ka zauna gaban tsoho ka yi karatu kamar kowa, da ka sani."

Baba ya ce a hankali, "Gaskiya ne, ban sani ba. Amma ka bar cewa inji." Baba Babba ya tashi ya nemi takalmansa. Ba su yi gaba ba, suna zuwa wa juna suna da biki, zogale da albasa ba su daina zuwa daga Jiratawa ba. Amma maganar ba ta sake shiga tsakaninsu ba, kuma ko sau ɗaya Baba Babba bai gyara wa kowa zancen inji ba.

Na sha tunanin maganar malamin, kuma na san yana da gaskiya, addini bai ɗora wa kowa abin da zai halaka shi ba. Baba ma bai taɓa cewa ya yi daidai ba. In yaran unguwa suna alwala da ruwan sanyi suna rawar ɗari, shi ne mai cewa a ɗumama, Allah ba ya bukatar wahalarku. Amma ni in na tuna saurayin nan shi kaɗai a jikin bangon ƙanƙara, babu mai ganinsa, babu ladan, babu uba, abokin tafiyarsa ma bai san mece ce azahar ba, ya duba rana ya kwance takalmi, sai in ji ba zan iya kiran abin wasa ba. Kuskure ne, amma kuskuren mai tsoron Allah.

Ranar da ya rasu, Baba Babba ne ya zo yi masa wanka. Ya tsufa ƙwarai, sai da aka riƙo shi daga mota, amma ya ce babu mai taɓa ƙanensa sai yana wurin. Rana ta take, garin kamar tanda. Aka ce a kawo ruwa. Ban yi shawara da kowa ba, na ɗora tukunya, na sirka ruwan ya yi ɗumi, na ba maigidana ya shiga da shi. Jim kaɗan na ji muryar tsohon daga ɗakin:

"Wa ya ɗumama ruwan ga? Cikin wanga zahi?"

Ni da ban taɓa yi masa magana ba sai gaisuwa daga durƙushe, na matsa jikin asabari, na ce, "Ni ce, Baba. Saboda ƙafafunsa ne."

Maigidana ya gaya mini daga baya cewa da aka zo ƙafar hagu, tsohon ya karɓi butar da kansa. Ya riƙe ƙafar a tafin hannunsa ya daɗe yana kallonta, yana zuba ruwan kaɗan-kaɗan, har sai da liman ya taɓa kafaɗarsa.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha maza sun fara watsewa, Baba Babba ya shigo cikin gida yi wa mata sallama kafin ya koma Jiratawa. Aka shimfiɗa masa buzu a bakin rumfa. Mata suka yi ta matsowa suna gaisuwa. Wata tsohuwa daga Tibiri, wadda ta san su tun suna yara, ta ce, "Malam, sai haƙuri. Bawan Allah ya sha wuya tun yana yaro, ga injin nan da ya nakasa shi, amma bai taɓa kuka da kowa ba."

Baba Babba ya kalli sandarsa. Na ga leɓensa yana motsi kafin magana ta fito.

"Ba inji ba ne."

Tsohuwar ta ce, "Na'am?"

"Na ce ba inji ba ne. Ƙanƙara ce. Ya hau ta, shi da wani Banasare, can ƙasar sanyi, yadda ya riƙa hwaɗa muku. Lokacin salla ya same shi a sama, ya yi alwala, sanyi ya ci yatsun." Ya ɗaga kai ya bi mu da kallo ɗaya bayan ɗaya, ƴaƴa da jikoki da maƙwabta. "Ƙanena bai taɓa yi muku ƙarya ba. Ku riƙe wannan."

Gwaggo ta kifa fuskarta a cikin hular nan, kukan da ta riƙe tun ranar farko ya ɓalle. Maƙwabciyar da ta kira abin tatsuniya ta dafe baki tana salati. Tsohon ya miƙa hannu aka tashe shi. Da ya zo wucewa ta inda nake durƙushe bai dube ni ba, ya dai ce wa bangon, "Allah ya yi ma mai ruwan ɗumi albarka."

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka da ƙafar da ya wanke dominka a inda babu mai gani sai Kai. Ka yafe masa abin da bai sani ba, ka karɓi abin da ya nufa, ka yalwata masa makwanci, ka tsayar da ƙafafunsa ranar da ƙafafu ke zamewa. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da imani.

Da yamma gida ya yi shiru, ina naɗe tabarmi, sai autata ta zo ta tsaya a gefena. Tana cikin ƙananan yaran da aka kora waje ɗazu, amma ta ji komai ta taga. Ta kama bakin zanena tana murzawa, idonta ya yi ja.

"Mama, ashe da gaske ne? Kullum in Kaka ya fara sai mu gudu mu yi dariya. Ni ban taɓa jin ƙarshensa ba. Ki zauna ki faɗa mini tun daga farko, yadda ya faɗa miki. Kada ki tsallake komai."